Baƙaƙen Kaya a Hanyar Rayfield: Me Coci Ke Nufi Idan Ta Ce Tana Neman Adalci?

Duk ranar da Kiristocin Jos suka sa baƙaƙen kaya suka ɗunguma zuwa Gidan Gwamnati da ke Rayfield, tambaya ɗaya ce ke yawo a Facebook da teburan masu shayi, tun daga Bauchi Road har Tudun Wada: wannan ibada ce ko siyasa? Wani ya ce me ya kai fasto kan titi, ba wa'azi aka ɗauke shi yi ba? Wani kuma, sau da yawa ma ɗan cocin ne, ya ce tattakin wasan yara ne, an gaji da tafiya a rana ana miƙa takarda.

An ga irin wannan fitowa a Janairun 2024, bayan hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da Mangu, inda aka kashe fiye da mutum 150. Shugabannin ɗarikoki ne a gaba, Gwamna Caleb Mutfwang ya karɓe su. An sake gani a Afrilun 2025, bayan kashe-kashen Bokkos da na Zike a ƙaramar hukumar Bassa. Da Shugaba Trump na Amurka ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana take 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025, sai gardamar ta ƙara zafi, kowa ya zama masani a kan abin da coci ke so da abin da take ɓoyewa. Mafi yawan masu gardamar kuwa ba su taɓa zama a sujadar Lahadi sun ji abin da ake faɗa a ciki ba.

Abu uku da ake cakuɗawa

A sujadar Hausa da wuya ka ji an ce "adalcin zamantakewa". Wannan kalmar 'yan boko ce da ma'aikatan ƙungiyoyi. Abin da kake ji daga mumbari shi ne gaskiya, jinƙai, hakkin marayu da gwauraye. Gwauruwa a bakin 'yan coci ita ce matar da mijinta ya rasu.

To, a ɗauki gwauruwa ɗaya daga wani ƙauyen Mangu, wadda ke kwana a ajin makarantar firamare da 'ya'yanta huɗu. Idan ikilisiya ta kai mata buhun masara da bargo, wannan jinƙai ne. Idan ta fito titi da kwalaye tana cewa jini ya isa haka, wannan kuka ne, kuma kuka yana da gurbinsa, domin wanda aka doka ba a hana shi kuka. Amma idan ikilisiya ta tsaya tana tambaya wa ya kashe mijin matar, an kama shi ko ba a kama ba, wa ke noma gonarta yanzu, 'yan'uwan mijin sun bar mata gidan ko sun ƙwace, ta ɗauko mata lauya, ta yi ta bin shari'ar wata da watanni, a nan ne aka shiga maganar adalci. Kuma adalci yana da wani hali da ke wahalar da kowa: ba ya tambayar sunan wanda aka zalunta kafin ya motsa. Da matar Talatu ce mai zuwa Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, da Hajara ce matar makiyayin da aka kashe a ruga, tambayoyin ba sa canzawa.

A ganina cocin Jos ta daɗe da ƙwarewa a na farko, ta koyi na biyu da ƙarfin hali a shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, na ukun kuwa tana taɓawa tana janye hannu. Yawancin rigimar da ake yi a intanet daga nan take fitowa: mai yabo yana kallon buhun masara, mai suka yana kallon shari'ar da ba a bi ba.

Daga asibiti zuwa titi

Jos ba gari ne kamar sauran garuruwa ba a tarihin Kiristancin Arewa. Hedikwatar ɗarikar COCIN tana nan, wadda ta samo tushe daga Turawan mishan na ƙungiyar SUM (Sudan United Mission) da suka fara sauka a Wase a 1904. Hedikwatar ɗarikar ECWA tana nan, wadda ta fito daga wata ƙungiyar mishan, SIM (Sudan Interior Mission), ta tsaya da ƙafarta a 1954. Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wato TEKAN, da aka kafa a 1955, ita ma a nan take zaune. Saboda haka maganar da aka yi a Jos ana jin ta har Kagoro da Numan da Biu.

Mishan sun fara ne da magani da allo. Asibitin Vom ya buɗe a 1922. A Gindiri an buɗe makarantar makafi a 1953, lokacin da makaho a yawancin ƙasar nan ba shi da makoma sai bara. Asibitin da duk mutumin Jos ya sani da Jankwano, mallakar ECWA, ya yi suna wajen gyaran matan da ke fama da yoyon fitsari, kuma duk wanda ya taɓa leƙa sashen ya san da yawa daga cikin matan Musulmi ne daga ƙauyuka masu nisa. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da coci ke faɗa wa duniya abin da ta yarda da shi, ba tare da ta ɗaga kwali ba.

Sai dai su waɗannan mishan ɗin sun koyar da cewa siyasa ƙazanta ce, mai bi ya nisance ta. Tsofaffinmu sun tashi da wannan tarbiyya. Byang Kato, ɗan Kwoi da ya riƙe babban sakataren ECWA kuma ya rasu a 1975, ya yi ta gargaɗi kada a mayar da ceton rai ya zama maganar 'yantar da mutane daga talauci da mulkin danniya kawai. Amma a babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Lausanne ta ƙasar Suwizalan a 1974, wanda shi ma ya halarta, an amince a rubuce cewa shelar bishara da tsayawa kan hakkin jama'a duka nauyi ne a kan Kirista. Wannan ja-in-ja bai mutu ba har yau, yana nan a kowane taron dattawa.

'Yan Katolika su da tasu hanyar. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa kan hakkin ma'aikata, daga nan koyarwa ta yi ta taruwa a kan albashi, mallaka da mutuncin ɗan Adam. Shi ya sa za ka tarar da ofishin JDPC, hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya, a dayosis-dayosis, wato yankunan da ke ƙarƙashin bishop-bishop, suna shiga gidan yari, suna sa ido a zaɓe, suna haƙa rijiya. A shekarun 1990, lokacin mulkin soja, bishop-bishop ɗinsu suka tsara addu'a ta musamman domin Najeriya da ke cikin ƙunci, da wata ta yaƙi da cin hanci, aka riƙa karanta su a bainar jama'a duk Lahadi. A zamanin da jarida ke tsoron bakinta, dubban mutane su haɗa murya suna ambaton cin hanci da sunansa, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fitar da sauran ɗarikoki kan titi shi ne jini. Daga rikicin Kirista da Musulmi da ya ɓarke a 7 ga Satumban 2001 Jos ta canza. Aka yi na Nuwamban 2008, aka yi na Janairun 2010, bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010, harin ƙunar baƙin wake a cocin hedikwatar COCIN a Fabrairun 2012, da na cocin St. Finbarr's a Rayfield makonni biyu bayansa. Fasto da ya binne mutum talatin a rami ɗaya ba za ka ƙara gaya masa siyasa ba ruwansa ba.

Wata Lahadi, daga kusa

Kafin ka shiga, akwai durom-durom cike da siminti a bakin titi, da samarin birget, wato ƙungiyar samarin coci, masu na'urar lalube. Mata sun san ba a shiga da babbar jaka. Yaron da aka haifa bayan 2012 yana tsammanin haka coci take tun asali.

Wa'azi zai iya zama kan annabi Amos, inda aka ce a bar adalci ya gudana kamar ruwa, ko kan Matiyu sura 25, inda Almasihu ya ce wanda ya ciyar da mayunwaci ya ziyarci ɗan kurkuku shi ya yi wa. Amma ni a wurina inda ake gane ainihin matsayin ikilisiya shi ne lokacin sanarwa. Sakatare zai miƙe da takardarsa: za a yi baiko, wato tara gudummawa, karo na biyu domin 'yan'uwanmu da ke gudun hijira, kowace mace ta kawo mudu ɗaya na masara ko acca ranar Talata, ana neman wanda ke da ɗakin da babu kowa, duk wanda bai karɓi katin zaɓensa ba ya ga dattijo wane bayan sujada, ranar Litinin kowa ya sa baƙin kaya, a haɗu da ƙarfe takwas, kuma, a nan sai ya ɗaga murya, ba a zuwa da sanda, ba a zuwa da komai sai Littafi Mai Tsarki da ruwan sha.

Ranar Talata na taɓa tsayawa ina kallon 'yan Zumuntar Mata suna auna abin da aka tara. Zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, wata tana rubutu a littafin makaranta mai layi, wata tana zuba masara a buhu tana ƙirgawa da ƙarfi. Wata tsohuwa ta zo da rabin mudu a ƙullin leda, ta ce, "Mama, ku yi haƙuri, abin da ya rage ke nan." Shugabar ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Kaka, Allah ya gani," ta sa aka rubuta mata mudu ɗaya. Wannan bayan cire tallafin mai ne a 2023, lokacin da masu bayarwar ma da yawansu sau ɗaya suke ɗora tukunya. Babu ɗan jarida a wurin, kuma wannan ɓangare na aikin coci shi ne mafi girma nesa ba kusa ba.

Na fili kuwa, wanda kyamara ke ɗauka, yana da salo kala-kala. Akwai sanarwar bayan taro, wadda bishop-bishop na Katolika ke fitarwa sau biyu a shekara. A Afrilun 2018, bayan an kashe limamai biyu da masu ibada a Mbalom ta jihar Binuwai, sun fito ƙarara suka ce idan Shugaba Buhari ba zai iya kare rayuka ba ya sauka, sannan a 22 ga Mayu aka yi tattaki a faɗin ƙasa. A 1 ga Maris 2020 suka bi titunan Abuja cikin baƙaƙen kaya ana ruwan sama. Baƙin kaya dai alamar makoki ce, ba tutar yaƙi ba, ko da yake na san wanda ke kallo daga Unguwar Rogo, unguwar da Musulmi suka fi yawa, aka taɓa ƙona masa shago bayan wani taro, ba lallai ya karanta ta haka ba.

Masu suka, kuma ba duka ne maƙiya ba

Suka ta farko daga cikin gida take. Akwai dattawan da za su buɗe maka Romawa sura 13, su ce an umarci mai bi ya yi biyayya ga mahukunta, su ƙara da cewa Almasihu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ya bayar. A wurinsu addu'a da azumi sun isa. Ana ba su amsa da annabi Natan da ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya gaya masa laifinsa, da Yahaya mai baftisma da ya rasa kansa saboda ya tsawata wa Hirudus. Samari kuma suna can ɗaya gefen, suna ganin shugabanni sun cika lallashi. A Agustan 2021, bayan harin Yelwa Zangam, fusatattun mutane suka ɗauki gawawwaki suka kai Majalisar Dokokin jiha. Fasto da yawa ranar aikinsu bai wuce riƙe rigar samari ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta maƙwabta Musulmi, kuma ya kamata a ji ta yadda take. Cewa suke yi: mun ga kun fito domin Kiristocin da aka kashe a Dogo Nahawa a Maris 2010, ina kuke lokacin Kuru Karama a Janairun shekarar, da aka tsamo gawawwakin Musulmi daga rijiyoyi? Ina baƙaƙen kayan a 14 ga Agustan 2021, da aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba suna dawowa daga zikiri a Bauchi, aka kashe fiye da ashirin? An yi Allah-wadai a takarda, gaskiya ne. Amma takarda daban, cika titi daban. Ɗan coci zai mayar da tambayar: ku kuma wane masallaci ne ya fito domin Bokkos? Shi ma da gaskiyarsa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Sai dai ita coci ce ta ɗaga kwali mai ɗauke da kalmar adalci, don haka ba za ta ji haushi ba idan aka auna ta da mudun da ta kawo.

An samu waɗanda suka tsallake wannan layi. Fasto Esther Ibanga ta jagoranci tattakin mata Kiristoci bayan Dogo Nahawa. Da matan Musulmi suka yi nasu tattakin domin nasu mamatan, sai ta nemi jagorarsu, Hajiya Khadija Hawaja, daga nan aka kafa ƙungiyar mata ta addinan biyu, aikin da ya kai ta ga samun lambar zaman lafiya ta Niwano daga Japan a 2015. Akbishop Ignatius Kaigama, kafin a mayar da shi Abuja a 2019, ya buɗe cibiyar tattaunawa da sulhu a Rayfield, inda sarakuna da ardo-ardo da limamai ke zama teburi ɗaya, kuma ya sha zagi daga nasa mutanen cewa ya cika kusantar Musulmi. Daga ɗaya ɓangaren, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018. Ana yawan ambatonsa a wa'azi a Jos, abin da ya dace, ko da yake yabon wanda ya kare naka ya fi sauƙi a kan ka kare nasa.

Inda gizo ke saƙa

Akwai maganganun da mumbari ke kewayewa. Babbarsu ita ce ta ɗan ƙasa da baƙo. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ja a kan wa ke da garin: Birom da Anaguta da Afizere, ko har da Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza. Takardar shaidar zama ɗan asali ita ke buɗe ƙofar gurbin karatu da aikin gwamnati da shiga soja. Yaron Bahaushen da aka haifi kakansa a unguwar Gangare ta Jos zai iya rasa ta a Jos, ya je Kano a ce ba a san shi ba. Haka ɗan Filato ko ɗan Kudancin Kaduna da aka haifa a Sabon Garin Kano yake shan irin wannan, har da wahalar samun filin gina coci a wasu jihohin Arewa. Ciwo ɗaya ne. Ikilisiyar da za ta yi maganar na biyun ta yi shiru a kan na farkon tana kare 'ya'yanta ne, abin da ba laifi ba ne, amma sunansa daban.

Sai maganar ambulan, wato kuɗin da 'yan siyasa ke miƙa wa coci. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da wuraren ibada wajen yaƙin neman zaɓe, amma ba ta hana ɗan takara zuwa bikin godiya ya ba da gudummawar rufin coci ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan gwamna ɗan ɗarikarku ne, yana zaune a kujerar gaba, ma'aikata kuma suna bin bashin albashi ko 'yan fansho suna mutuwa a layi, wa zai hau mumbari ya karanta Amos? Na lura murya ta fi tashi idan laifin na Abuja ne. A 2020 ma, da aka yi wa dokar kamfanoni gyaran da ya ba hukuma ikon dakatar da amintattun ƙungiyoyi har da na addini, ƙarar da manyan coci-coci suka yi ta fi wadda aka ji daga wasunsu a kan abubuwan da suka fi taɓa talaka.

Ga kuma cikin gida. Wata ƙanwata ta koyar shekara uku a wata makarantar coci, albashinta bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, kuma duk lokacin da ta yi magana sai a ce mata aikin Ubangiji ne. 'Ya'yan masu share cocin ba sa iya biyan kuɗin makarantar da baikon iyayensu ya gina.

Me talaka ke samu a ciki

Tattaki yana da amfaninsa, kada a raina shi. Yana hana a binne labari tare da gawa, yana tilasta wa gwamna ya fito ya yi magana, wani lokaci ya jawo ƙarin jami'an tsaro ko kayan agaji. Yana kuma ba fushi hanyar fita wadda ba ta wuta ba. Amma mai sayar da tumatir a Farin Gada da ɗan keke mai tsallaka unguwanni sun san ɗaya fuskar: ranar da gari ya ɗauki zafi ciniki ya mutu, idan abu ya ɓaci a sa dokar hana fita, wanda ke ci daga aikin yini ya kwana da yunwa ko wane addini yake bi.

Abin da tattaki bai kawo ba har yanzu shi ne hukunci. Kwamitin Mai Shari'a Fiberesima ya binciki rikicin 1994, na Niki Tobi ya binciki na 2001, na Bola Ajibola ya binciki na 2008. Rahotanni sun taru, waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba. Bin irin wannan aiki ne na lauyoyi da haƙuri da kuɗi, ba ya ɗaukar hoto mai kyau, kuma zai iya kaiwa ga sunan wani da ke cikin mawaƙan cocinku. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga wani abu dabam a mahaɗar Old Airport: Musulmi suka yi sallar Juma'a a kan titi, Kiristoci suka kewaye su suna gadi. Yunwa ta yi abin da taron sulhu da yawa suka kasa, na 'yan kwanaki.

A wani zaman dattawa da na halarta bayan wani hari, ana tsara yadda za a raba kayan agaji, sai wani tsoho mai ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya ɗaga hannu. Ya ce, "Baba Fasto, akwai Fulani gida shida a bayan makarantar nan, su ma an ƙona musu ruga, matansu suna zuwa ɗiban ruwa a rijiyarmu. Suna cikin lissafin ko ba sa ciki?" Ɗakin ya yi tsit. Wani ya ce masu bayarwa ba za su ji daɗi ba. Wani ya ce a bari ƙura ta lafa tukuna. Ma'aji ya duba littafinsa ya ce buhun ma saura goma sha ɗaya. Fasto ya ce a yi addu'a a kai, aka ɗage maganar zuwa zama na gaba.